Ƙwallo Ne Ko Ƙarfin Damtse? Tarihin Bugun Tsallake Katanga A Wasan Besbol



Yau zan ɗan kauce wa hirar da muka saba yi, in ɗauko wani zance da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, wato tarihin ƙwallon da Amurkawa ke buga wasansu na besbol da ita. Na san wani zai ce, Malam me ya haɗa kifi da kaska? To mai karatu ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni, domin duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwa ya koma gida ya tarar mudun da aka auna masa bugagge ne, zai gane inda na dosa tun kafin in kai ƙarshe.

Shekarun baya, lokacin da nake aikin sito a wani kamfani a nan Fatakwal, akwai wani Ba'amurke da muka yi sabo da shi, mutum ne mai son wannan wasa kamar ya mutu. Shi ya koya mini dokokinsa, a takarda da biro, lokacin hutun cin abinci. Ranar da zai koma ƙasarsu ya ba ni wata farar ƙwallo mai jan ɗinki ya ce in riƙa tunawa da shi. Yarana suka yi ta wasa da ita har ɗinkin ya fara warwarewa, ni kuma da na ga ta riga ta lalace sai na sa aska na farke ta don in ga abin da ke ciki. Tun daga ranar na shiga bin diddigin labarinta.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo daga nisan mita 18 da 'yan kai, wani kuma yana tsaye da kulki yana jiran ya maka ta. In ya same ta sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, abokan hamayya kuma suna ƙoƙarin cafke ƙwallon su tare shi. Amma in ya buga ta har ta haye katangar da ta kewaye filin, wadda nisanta kan kama daga kimanin mita 100 a gefe zuwa mita 120 a tsakiya, to ba mai tare shi, zai zagaya a tsanake ya ci maki, shi da duk abokan wasansa da ke kan tashoshin. Wannan bugu shi suke kira homron, ni kuma a nan zan riƙa ce masa tsallake. Shi ne abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye, kuma da yawansa ake auna darajar ɗan wasa da albashinsa.

Abin da na tarar cikin ƙwallon kuwa shi ne: a can tsakiya akwai ɗan dunƙule na ɓawon wata bishiya mai taushi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, an lulluɓe shi da roba baƙa sannan ja. A kansa an naɗa zaren ulu hawa uku, da siririn farin zare hawa ɗaya, sannan aka rufe da fatar saniya yanki biyu, aka ɗinke da hannu, ɗinki 108. Dokar babbar hukumar wasan, wato MLB, ta ce nauyinta ya tsaya tsakanin giram 142 da 149, kewayenta kuma tsakanin inci 9 da inci 9 da kwata. To a cikin wannan ɗan tsakani da doka ta bari duk rigimar da zan ba ku labari take.

Daga 1900 zuwa 1919 lokaci ne da masu tarihin wasan ke kira zamanin matacciyar ƙwallo. A wancan lokaci ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ta yi laushi ta yi baƙi, domin masu ƙungiyoyi na ganin asara ce a riƙa fito da sabuwa, har in ta faɗa cikin 'yan kallo sai an karɓo ta. Masu jifa kuma an bar su suna shafa mata miyau, da ruwan taba, wasu su kankare ta, don ta riƙa karkacewa a iska. Saboda haka tsallake ya zama abu mai wuyar gani. Ƙungiyar White Sox ta birnin Chicago, a duk kakar 1908, sau 3 kacal ta yi tsallake. An shigo da ƙwallo mai ɓawon bishiya a tsakiya a wasannin ƙarshe na 1910, aka yi kakar 1911 da ita, bugu ya ɗan farfaɗo, amma duk da haka Frank Baker, wanda saboda ƙarfin bugunsa har aka laƙaba masa sunan wannan bugu, da 11 ya zo na ɗaya a rukuninsa a 1911, kuma bai taɓa wuce 12 a kaka guda ba.

Shekarar 1920 ce ta sauya komai, kuma abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, an haramta shafa wa ƙwallo miyau da sauran dabarun ɓata ta, in ban da wasu tsofaffin masu jifa 17 da aka yi wa uzuri su ƙarasa rayuwar wasansu da shi. Na biyu kuwa abin tausayi ne. Ran 16 ga watan Agusta na wannan shekara, a birnin New York, jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a kai, washegari ya cika. Waɗanda suka ga abin sun ce ko gocewa bai yi ba, alamar bai ga ƙwallon ba. Bayan wannan ne aka matsa wa alƙalan wasa su riƙa fitar da duk ƙwallon da ta yi datti su sako sabuwa fara. Na uku, masu ƙera ƙwallon sun ce bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun sami ulu mai kyau daga Ostareliya, amma sun dage cewa ba su taɓa tsarin ƙwallon ba.

Ko ma dai mene ne, ga abin da alƙaluma suka nuna. A 1919 ƙungiyoyi 16 sun yi tsallake 447, a 1920 suka yi 630, a 1921 kuma 937. Babe Ruth shi kaɗai ya yi 29 a 1919, ya yi 54 a 1920, wato ya fi kowace ƙungiya a rukuninsa in aka cire tasa, sannan 59 a 1921, da 60 a 1927. A nan ne aka fara gardamar da har yau ba ta mutu ba. Wasu suka ce an sa wa ƙwallo zomo a ciki, wasu suka ce a'a, Ruth ne ya nuna wa mutane sabuwar hanyar riƙe kulki daga can ƙarshensa a yi bugun sama, saura suka kwaikwaya. A ganina kowane ɓangare na da tasa gaskiyar, domin da ƙwallo ce kaɗai, da kowa ya yi 54.

Amma shekarar da ta fi nuna hannun hukuma ƙarara ita ce 1931. A 1930 bugu ya yi yawa har ya gundiri masu ƙungiyoyi. Hack Wilson na ƙungiyar Cubs ya yi tsallake 56. Sai ɗaya daga cikin rukunonin biyu, wanda ake kira National, ya sa aka ƙara wa fatar ƙwallo kauri aka kuma ɗaga ɗinkinta. Tsallake a wannan rukuni ya faɗo da kusan rabi a shekara guda, Wilson kuma ya dawo 13. Gaskiya ne mutumin yana da matsalar shaye-shaye, kuma ba sa jituwa da mai horar da su, amma ai ba duk 'yan rukunin ne ke da wannan matsala ba. Sai a 1934 rukunonin biyu suka amince su riƙa amfani da ƙwallo iri ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ma ya taɓa ta. Da Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, roba ta yi wuya a hannun Ingila da Amurka, wanda shi ya sa Turawan mulkin mallaka suka matsa a kan tatsar roba a nan ƙasar Binin da kewaye. A Amurka sai aka hana ɓata roba a kayan wasa, kamfanin Spalding ya fito da ƙwallon 1943 da wani danƙo da ake kira balata. Da aka fara kaka sai aka ga ƙwallon kamar dutse, ana maka ta ba ta tafiya, wasanni da dama suka ƙare ƙungiya ɗaya ba ta ci ko maki guda ba. Kamfanin ya amsa cewa gam ɗin da aka yi amfani da shi ne ya sandare zaren, aka gyara cikin 'yan makonni. Sai dai a tuna cewa a wannan shekara manyan 'yan wasa irin su Ted Williams da Joe DiMaggio suna aikin soja, don haka ba dukan laifin ne na ƙwallo ba.

A 1974 aka bar fatar doki aka koma fatar saniya saboda ƙarancin ta dokin. A 1977 kuma kwangilar ƙera ƙwallon ta bar hannun Spalding, bayan kimanin shekara ɗari, ta koma hannun Rawlings. A wannan shekara tsallake ya tashi daga 2,235 zuwa 3,644. An ƙara ƙungiyoyi biyu a shekarar, Seattle da Toronto, amma ƙarin ƙungiya biyu a kan 24 ba zai kawo wannan tashi ba. Shekara goma bayan haka aka sake ganin irinsa: 3,813 a 1986, sai 4,458 a 1987, sannan ya faɗo 3,180 a 1988. Wade Boggs, wanda gwanin bugu ne amma ba na nesa ba, ya yi 24 a 1987, alhali a duk sauran shekarunsa bai taɓa wuce 11 ba. Hukuma ta ce ta gwada ƙwallon ba ta ga bambanci ba. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma kamfanin ya fara kwashe aikin ɗinkin daga Haiti, inda siyasa ta rikice bayan faɗuwar gwamnatin Duvalier a 1986, zuwa garin Turrialba na ƙasar Costa Rica, inda ake ɗinka ta har yau.

Daga nan sai aka shiga shekarun da kowa ya sani da maganin ƙara ƙarfi. Mark McGwire ya yi 70 a 1998, Sammy Sosa ya yi 66, Barry Bonds ya yi 73 a 2001, jimillar kakar 2000 kuma ta kai 5,693. Da asiri ya tonu, musamman bayan rahoton Sanata George Mitchell na watan Disamba 2007, sai duk zargi ya koma kan 'yan wasa, aka manta da ƙwallo. Amma a daidai wannan lokaci wani abu ya faru a birnin Denver da ya nuna irin tasirinta. Birnin yana kan tudu, kimanin mita 1,600 sama da teku, iskarsa ba nauyi kuma busasshiya ce. A 1999 an yi tsallake 303 a filin wasansu kaɗai. Sai aka lura cewa bushewar gari na ƙanƙance ƙwallon ta yi tauri da santsi. Duk wanda ya ga yadda fatar kalangu ke ɗaurewa da hunturu ta saki da damina, ko ya zo kudu ya ga yadda laima ke yi wa takalmin fata, ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga 2002 suka gina wani ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima suna ajiye ƙwallayen a ciki kafin wasa, tsallake ya ragu nan take, ba tare da an canza ɗan wasa ko katanga ba. Arizona ta bi sahu a 2018, a 2022 kuma aka wajabta wa dukan filaye 30.

To yanzu ga babin da ya fi ɗaure mini kai. A 2014, ana tsaka da gwajin fitsari da jini mai tsanani, tsallake ya sauka zuwa 4,186. Daga tsakiyar kakar 2015 sai ya fara hawa ba gaira ba dalili: 5,610 a 2016, sai 6,105 a 2017, sannan 6,776 a 2019, wanda ya zarce duk abin da aka yi a zamanin ƙwaya da sama da dubu. A 2019 ɗin ƙungiyar Minnesota ta yi 307, Yankees ta yi 306. Wata hujjar kuma ta fito daga rukunin da ke ƙasa da babban, wanda a wannan shekara aka ce ya fara amfani da ƙwallon manya: tsallakensu ya tashi daga dubu uku da ɗari shida da wani abu zuwa sama da 5,700.

Bambancin wannan karo da na baya shi ne akwai na'urori. Tun 2015 an kafa kyamarori da na'urar auna gudu a kowane fili, ana sanin saurin da ƙwallo ta bar kulki da kusurwar da ta tashi da inda ta sauka. Masu lissafi suka ga cewa bugu iri ɗaya, da ƙarfi iri ɗaya, yana ƙara nisa fiye da da. Hukuma ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Alan Nathan na Jami'ar Illinois. A watan Mayu 2018 suka ce lallai iska ta rage riƙe ƙwallon, amma ba su gano dalili ba. A rahoto na biyu, cikin Disamba 2019, suka ce kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙarin ya fito ne daga wannan raguwar turjiyar iska, wadda gajartar tudun ɗinki na cikin abin da ya jawo ta, sauran kashi 40 kuma daga yadda 'yan wasa suka koma bugun sama da gangan. Sun ce ba su ga alamar da niyya aka yi ba. Ka ji fa, tudun zaren da ido ba ya iya rabe bambancinsa shi ke mayar da ƙwallon da za a cafke a gindin katanga ta zama tsallake. Wata masaniyar kimiyyar taurari, Dokta Meredith Wills, ita ma ta yi irin abin da na yi da aska, sai dai ita da ma'auni ta yi, ta farke ƙwallaye masu yawa, ta gano cewa zaren ɗinkin na 2016 da 2017 ya fi na 2014 kauri da kimanin kashi 9 cikin ɗari.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a 2018 hukumar MLB ta haɗa hannu da wani kamfanin zuba jari suka sayi Rawlings a kan dala miliyan 395. Wato mai kasuwa ya zama yana da hannu a wurin ƙera mudu. A 2019 shahararren mai jifa Justin Verlander ya fito fili ya zargi hukuma da ƙara wa ƙwallo rai don jawo 'yan kallo. A 2021 Pete Alonso, mai bugu, ya yi zargin cewa ana juya ta ne gwargwadon irin 'yan wasan da kwangilarsu za ta ƙare a shekarar, don a karya musu farashi. Hukuma ta musanta duka, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta tabbatar da zargin. Amma a farkon 2021 ita da kanta ta sanar da ƙungiyoyi cewa an sassauta naɗin zaren ciki don a rage nisan dogon bugu da ƙafa ɗaya zuwa biyu, sai ga shi a ƙarshen shekara binciken Dokta Wills ya nuna cewa ƙwallo iri biyu aka yi kakar da su, tsohuwa da sabuwa a gauraye. Hukuma ta amsa, ta ce annobar korona ce ta kawo tsaiko a masana'anta. 'Yan wasa da yawa sun ce su ba a gaya musu ba. A 2022, da sabuwar ƙwallo da ɗakin laima a ko'ina, jimilla ta sauka zuwa 5,215, kodayake a shekarar ce Aaron Judge ya yi 62.

Japan ma ta ɗanɗana irin wannan, kuma nata ya fi muni. A 2011 hukumarsu ta kawo ƙwallo guda ta kamfanin Mizuno ga dukan ƙungiyoyi, tsallake ya faɗo daga 1,605 zuwa 939, a 2012 ya koma 881. A 2013 aka ƙara mata rai a ɓoye, ana ta musantawa, sai a watan Yuni da ƙungiyar 'yan wasa ta matsa aka amsa. Shugaban hukumar, Ryozo Kato, ya ajiye aiki a wannan shekara. A kakar ce kuma Wladimir Balentien ya yi 60, ya karya tarihin 55 da Sadaharu Oh ya kafa tun 1964. Allah Sarki, mutum ya yi bajintarsa da guminsa, amma duk inda aka ambaci 60 ɗin sai wani ya ce ai shekarar da aka taɓa ƙwallo ce.

Wannan shi ne abin da ke damuna a cikin labarin gaba ɗaya. Ni ban ga laifi ba don an gyara ƙwallo. An gyara yadda ake amfani da ita bayan ran mutum ya salwanta a 1920, an gyara ta a 1931 a bainar jama'a kowa ya sani. Kuma abin da aka ɗinka da hannu, da fata da ulu, dole a sami ɗan bambanci, ko dukawanmu ba sa fitar da jaka biyu iri ɗaya sak. Inda matsalar take shi ne a canza ba a faɗa ba. Mai jifan da aka yi ta tsallake jifansa a 2019 har aka sallame shi, da mai bugun da ya sa hannu a babbar kwangila a kan alƙaluman wannan shekara, duk da mudu ɗaya aka auna su, kuma ba su ne ke riƙe da shi ba. Lokacin da muke yara muna buga ƙwallon tsumma, kowa ya san mai ƙwallo shi ke da wasa, in an ɓata masa rai ya ɗauki abarsa ya tafi gida. Amma ko shi ba ya musanya ta ana tsakiyar wasa ya ce ita ce ta ɗazu.

Da za a tambaye ni, da na ce a matse wancan tsakani da doka ta bari, a damƙa gwajin ƙwallon a hannun wasu masana da ba sa cin albashin hukuma ko na kamfani, kuma a buga sakamakon kowace shekara kafin a fara kaka, yadda ɗan wasa da ɗan kallo za su san da wace ƙwallo ake wasa. Sannan mu masu son kwatanta Ruth da Bonds da Judge mu riƙa haɗawa da tambayar wace shekara ce, kuma wace ƙwallo.

Ita kuwa waccan tawa da na farke, fatar da ɗan dunƙulen tsakiyar suna nan cikin durowa har yanzu. Zaren ulun kam uwargida ta daɗe da ƙarar da shi wajen ɗaure bakin buhu.